Bargon Ƙyallaye a Cikin Aji

A makarantun firamare da yawa na ƙasar Amurka, duk wanda ya leƙa aji yakan tarar da wani bargo rataye a bango kusa da allo. Yaran ajin ne suka ɗinka shi. Kowane yaro da nasa falle: wannan ya zana gidan kakarsa, wancan ya jera alwatika ja da fari, wata ta ɗinka sunanta da zare mai launi, sannan malama da iyaye mata suka harhaɗa fallayen suka zama abu guda. Da shi ake koya musu lissafi, da shi ake ba su tarihi, kuma a watan Fabrairu, wanda suka keɓe don tuna tarihin baƙaƙen fata, da wuya a rasa darasi a kansa. Su kwilt suke ce masa, mu kuma bari mu kira shi bargon ƙyallaye.

Hawa uku gare shi. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da guntayen yadi, akwai auduga a tsakiya, akwai shafi a baya. Sai a bi duka ukun da ɗinki, layi bayan layi, don kada audugar ta tattaru wuri ɗaya in an wanke. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Daushe ya riga ya ga wannan sana'a a jikin dawakan 'yan lifida, domin lifidi ma haka ake yin sa: auduga tsakanin yadi biyu, a bi da ɗinki har ya yi kaurin da kibiya ba ta huda shi cikin sauƙi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Mu fagen fama muka kai wannan ɗinki. Su kan gado suka kai shi saboda tsananin sanyin ƙasarsu, daga baya kuma suka shigo da shi makaranta.

Ni malamar lissafi ce a firamare, kuma 'yar tela. A gindin keken mahaifina na san rabin inci da kwatan inci tun kafin in gan su a allo, shi ya sa labarin yadda allura ta shiga aji ya daɗe yana jan hankalina. Abin da na gani a cikinsa shi ne, bargon nan yana da darussansa na gaskiya, masu yawa kuwa, amma kusan kowane zamani sai hukuma ko malamai sun ɗora masa wani kayan da ba nasa ba. Wani lokaci ladabtar da 'ya'yan talakawa, wani lokaci raba yara da al'adar iyayensu, a zamaninmu kuma wani labari mai daɗin ji wanda ba shi da tushe.

A gida aka fara koyarwa da shi. Kafin keken ɗinki ya bazu, bayan Isaac Singer ya yi wa nasa rajista a 1851, duk suturar gida da hannu ake ɗinka ta, don haka tun yarinya tana ƙarama ake miƙa mata allura. Abin da ta kan fara da shi shi ne falle mai gida tara: murabba'i tara a jere uku-uku, biyar masu duhu, huɗu masu haske. Ɗinki ne miƙaƙƙe, ba lanƙwasa, kuma da rarar yadi ake yi, in ta ɓata ba a yi asarar komai ba. In layi ya karkace uwa ta farke shi, a sake.

Da gwamnati ta sa hannu sai manufa ta sauya. A Ingila, cikin 1862, Robert Lowe ya kawo tsarin da ya ce kuɗin da gwamnati za ta ba makaranta ya dogara da yawan yaran da suka ci jarrabawar karatu da rubutu da lissafi. Tsarin ya ƙara da sharaɗi ɗaya: makarantar da ba ta koya wa 'yan mata ɗinkin hannu ba za ta samu kuɗin ba. Abin da ake so shi ne 'yar talaka ta fita ta iya aikatau a gidan mai kuɗi, ko ta iya yi wa mijinta maho a riga. Sa'o'in ɗinkin kuwa daga wasu darussa ake yanko su, kuma sau da yawa lokacin da maza ke lissafi ne ake zaunar da mata da allura. Wannan wuri yana sosa mini rai, domin allurar da aka yi amfani da ita aka rage wa 'yan mata lissafi cike take da lissafi, ba wanda ya damu ya nuna musu.

Wannan tsari ya biyo Turawa har nan. Da aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na gwamnati a Kano da Katsina a 1930, ɗinki da tsabta da aikin gida suna sahun gaba. A ƙasar Hausa kuwa allura ta maza ce tun asali. Malamai da almajirai ke ɗinkin hula da aikin babbar riga, su aska biyu da aska takwas, mata kuma suna kaɗi da mazari.

Tun kafin tsarin Lowe an kai allura kurkuku ma. An yi wata mata a Ingila mai suna Elizabeth Fry, wadda ta shiga kurkukun Newgate a Landan ta ga halin da mata fursunoni da 'ya'yansu ke ciki, ta buɗe musu makaranta a 1817. A lokacin ana kwasar masu laifi a jirgin ruwa a kai su Ostireliya. Ƙungiyar matan da ta kafa ta riƙa ba kowace fursuna jakar kayan ɗinki kafin jirgi ya tashi, ciki har da allura 100 da guntayen yadi masu nauyin fam biyu, don ta koyi sana'a a hanya ta kuma samu abin sayarwa in ta sauka. A watan Afrilu na 1841 jirgin Rajah ya tashi daga Woolwich da mata fursunoni 180, ya isa Hobart a watan Yuli. A cikin watannin nan wasu daga cikinsu suka ɗinka wani ƙaton bargo mai guntaye 2,815, ƙarƙashin kulawar wata budurwa mai suna Kezia Hayter. Yana nan har yau a babban gidan adana kayan zane na ƙasar Ostireliya a Kanbera. Masu duba shi na iya bambance hannun gwanaye da na waɗanda a jirgin suka fara riƙe allura.

Mafi ɗacin labarin shi ne na 'yan asalin Amurka, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar. A 1879 wani soja mai suna Richard Henry Pratt ya buɗe makarantar kwana a Carlisle ta jihar Pennsylvania, wadda ta zama abin koyi ga irinta da dama. Ana ɗauko yara daga hannun iyayensu, a aske musu gashi, a sauya musu suna, a hana su yin harshensu. Rabin yini karatu, rabin yini aiki, kuma aikin 'yan mata shi ne wanki da girki da ɗinka suturar makaranta da kayan shimfiɗarta. A makarantu irin waɗannan, da kuma wurin matan 'yan mishan, matan ƙabilar Lakota suka koyi haɗa bargo. A daidai wannan lokaci an kusa ƙarar da ɓaunan dajinsu, wanda da fatarsa suke rufa, da ita suke karrama jarumi. Sai matan suka ɗauki abin da aka koya musu don a mayar da su Turawa, suka ɗinka tauraron asuba a kansa, gamzaki ke nan, mai tsini takwas, wanda dama yana da babban matsayi a al'adarsu. Bargon tauraro ya maye gurbin fatar ɓauna. Yau shi ake lulluɓa wa jariri ranar suna, da ɗalibin da ya gama makaranta, da sojan da ya dawo, da gawa. Har a gasar ƙwallon kwando ta makarantun sakandare a jihar Montana iyalai kan kawo shi su yafa wa 'yan wasa. Makaranta ta yi niyya ɗaya, matan suka yi tasu, kuma tasu ce ta ɗore.

Wadda na fi so a duk wannan tarihi ita ce Harriet Powers. An haife ta baiwa a 1837 a jihar Jojiya, ta samu 'yanci bayan yaƙin basasar Amurka, ita da mijinta Armstead suka yi noma kusa da garin Athens. A 1886 ta kai wani bargo baje-kolin auduga na garin. Falle goma sha ɗaya gare shi, kowanne da labari daga Littafi Mai Tsarki na Kirista, addininta: Adamu da Hauwa'u a Aljanna, Ƙabila ya kashe Habila, mafarkin Yaƙubu, da sauransu. Yadda take yi shi ne ta yanko siffar mutum ko dabba ko tauraro daga ƙyalle ta ɗinke a kan wani, kuma masana da yawa sun lura da kamar da aikinta ya yi da tutocin fadar Abomey ta ƙasar Dahomey, Jamhuriyar Benin ta yau. Wata malamar zane a makarantar 'yan mata ta Lucy Cobb, mai suna Jennie Smith, ta gani ta nemi saye. Harriet ta ce ba na sayarwa ba ne, ko nawa za a ba ta.

Wajen 1891 talauci ya matsa. Ta zo ƙofar malamar a keken shanu, mijinta na kora, bargon a cinyarta cikin wankakken buhun fulawa. Dala goma ta nema, malamar ta ce biyar gare ta. Ta fita ta yi shawara da mijinta, ta dawo ta karɓa. Amma ba ta miƙa shi ba sai da ta bi fallayen ɗaya bayan ɗaya tana bayani, malamar na rubutawa, kuma daga baya ta riƙa dawowa tana duba shi. A wannan zaman mai ɗinki ce malama, malamar makaranta kuma ɗaliba, kuma saboda ɗalibar ta rubuta abin da aka faɗa mata ne muka san ma'anar kowane falle daga bakin mai shi. Bargon yana gidan tarihi na Smithsonian a Washinton.

Na biyunta, wanda matan malaman Jami'ar Atlanta suka ba wani limamin coci kyauta a 1898, yana gidan kayan zane na Boston. Falle goma sha biyar ne. Akwai Ayuba da Yunusa da dabbobin da Allah ya halitta biyu-biyu, amma ta cusa abubuwan da suka faru a sararin samaniyar Amurka a tsakaninsu: ranar 19 ga Mayu, 1780, da duhu ya rufe gari da rana tsaka, daren 13 ga Nuwamba, 1833, da taurari suka yi ta zubowa har mutane suka ɗauka tashin duniya ne, da wani matsanancin sanyi na watan Fabrairu, 1895. Biyun farko kafin haihuwarta suka faru. A bakin manya ta ji su. Kuma in ka bincika jaridu da littattafan masu nazarin taurari na wancan lokaci za ka tarar da su, rana da wata da shekara, kamar yadda aka rubuta a bayanin bargonta. Duhun 1780 hayaƙin gobarar daji ne ya haddasa shi, zubowar taurarin kuma ita ce wadda ke yin ƙarfi kusan duk bayan shekara 33. Shekaru da dama ana cewa ba ta iya karatu ba, sai a 2009 wata mai bincike, Kyra Hicks, ta fito da wata wasiƙa da Harriet ta aika a 1896, inda ta faɗi yadda ta koyi karatu ta kuma lissafa wasu bargunan da ta ɗinka. Ta rasu a 1910.

A jihar Alabama kuma akwai wani ƙauye, Gee's Bend, wanda kogi ya kewaye ta gefe uku. Jikokin bayin gandun auduga ne mazaunansa, har yau da yawansu suna amsa sunan Pettway, sunan ubangidan da ya kawo kakanninsu da ƙafa daga North Carolina. Matan ƙauyen da tsofaffin wandunan aikin gona suke haɗa barguna, har ana ganin inda gwiwa ta koɗe da inda aka ɓamɓare aljihu. Daga uwa zuwa 'ya ake koyo. A 1962, da mutanen ƙauyen suka fara zuwa rajistar zaɓe, aka tsayar da jirgin fiton da ke kai su hedikwatar gunduma, bai dawo ba sai 2006. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar ɗinki ta haɗin gwiwa don samun abin kansu. Alfadaran ƙauyen nan ne suka ja amalanken da ya ɗauki gawar Martin Luther King a 1968. Da aka baje bargunansu a gidan kayan zane na Houston a 2002, sannan a Niyok, duniya ta yi mamakin tsarinsu, har aka buga hotunansu a kan sarki a 2006. Malamin da ya rataye hoton ɗaya daga cikinsu a aji yana da bauta da talauci da 'yancin zaɓe da fasaha duka a gabansa, kuma babu ko ɗaya da zai ƙirƙiro.

Shigowar bargon aji a matsayin kayan koyarwa ga maza da mata baki ɗaya ba ta daɗe ba. A 1971 gidan kayan zane na Whitney a Niyok ya rataye tsofaffin barguna a bango kamar zanen manyan masu zane, abin da ya sauya yadda ake kallonsu. Bikin cikar ƙasar shekara 200 a 1976 ya sa garuruwa da makarantu suka yi ta ɗinka bargunan tarihinsu. A 1989 kuma ƙungiyar malaman lissafi ta ƙasar ta fitar da sabon tsarin da ya nemi yara su riƙa taɓa abu da hannu suna aunawa, maimakon haddar ƙa'ida zalla. Malamai suka duba suka ga tsoffin mata sun riga sun tanadar musu kayan aiki.

A nan zan iya ba da shaida daga sana'ata. Ɗauki falle mai gida tara. Biyar masu duhu, huɗu masu haske: tusu'i biyar da tusu'i huɗu ke nan, kuma yaro zai gani da idonsa cewa in an haɗa su sun cika ɗaya. Mu da muke da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni a bakinmu saboda rabon gado, ba ma rasa sunan da za mu kira su. Sannan a zo kan awo. In kana son fallen ya fita inci 12, kowane gida zai zama inci 4, amma inci 4 da rabi za ka yanka, domin ɗinki zai ci kwatan inci ta kowane gefe. Yaron da ya manta ya yanka 4 cif, gidansa zai dawo 3 da rabi, fallensa ya tsaya a 10 da rabi, kuma ba zai zauna da na 'yan'uwansa ba. Ba sai na ja masa jan biro ba, yadin zai gaya masa. In kuma aka jera gida 15 a layi ɗaya, ɗinki 14 ke tsakaninsu. Kowane ɗinki in ya zarce da sumunin inci, ya ci kwatan inci daga yadin biyu, kafin a kai ƙarshen layi an rasa inci 3 da rabi. Ban san wata hanyar da ta fi wannan saurin nuna wa yaro yadda ƙaramin kuskure ke taruwa ba. Raba murabba'i gida biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, rabi fari rabi baƙi, ka ba yara huɗu-huɗu su jujjuya, za su fito da tsari iri-iri, su gano da kansu wanne ne in an naɗe shi biyu gefe zai hau gefe, wanne ne sai an juya shi. Kuma na lura yaran da suke sunkuyar da kai in an zo lissafin allo sukan zama su ne gaba in aka kawo almakashi da tef.

Ta fuskar karatu da tarihi ma ya yi amfani. Faith Ringgold ta yi shekaru 18 tana koyar da zane a makarantun gwamnati na Niyok. Mahaifiyarta tela ce, kuma ɗinkin bargo ya biyo zuriyarsu tun daga kakanninta bayi. Ta zo Najeriya da Gana a 1976, ta halarci bikin FESTAC a Legas a 1977. Da masu buga littattafai suka ƙi karɓar tarihin rayuwarta, sai ta koma rubuta labaranta a gefen bargunan da take zanawa. Ɗaya daga cikinsu ya zama littafin yara, Tar Beach, a 1991, wanda ya shiga azuzuwa ko'ina a ƙasar, yara suna karantawa suna yin nasu fallen da labarin gidansu. Haka kuma a ranar 11 ga Oktoba, 1987, aka shimfiɗa wani bargo mai falle 1,920 a babban dandalin Washinton, kowane falle da sunan wanda cutar ƙanjamau ta kashe, tsawonsa ƙafa shida faɗinsa ƙafa uku, girman kabari. A lokacin mutane ko sunan cutar ba sa son ambata. Daga baya aka riƙa kai ɓangarorinsa makarantun sakandare, don matasa su ga cewa bayan kowane adadi akwai mutum da uwa da 'yan'uwa.

Sai kuma kayan da aka ɗora masa a zamaninmu. A 1999 aka buga wani littafi, Hidden in Plain View, na Jacqueline Tobin da Raymond Dobard. Ya ce bayi a kudancin Amurka suna amfani da tsarin barguna a matsayin saƙon asiri na gudu zuwa arewa. A shanya bargo mai siffar sifana a kan shinge, ma'ana a tattara kayan aiki. Mai ƙafar amalanke, a shirya tafiya. Mai dagin beyar, a bi sawun dabba ta cikin duwatsu. Mai jerin dinyoyi, a bi inda tsuntsaye suka nufa. Mai tafiyar mashayi, a riƙa karkacewa kada a miƙe hanya. Barguna goma, ɗaya bayan ɗaya. Labarin ya fito ne daga bakin mutum ɗaya, wata dattijuwa mai sayar da barguna a kasuwar Charleston, Ozella McDaniel Williams, wadda ta ce a gidansu ta gaje shi. Ta rasu a 1998, kafin littafin ya fito. Labarin ya yi daɗi, ga shi ya haɗa zane da lissafi da tarihi a darasi ɗaya, sai ya bazu a makarantu cikin 'yan shekaru, ana koyar da shi a matsayin abin da ya faru.

Masana tarihi suka bi sawu. Tsakanin 1936 da 1938 gwamnatin Amurka ta tura ma'aikata sun ɗauki bayanin tsofaffin bayi sama da 2,300, da yawansu sun yi maganar ɗinkin bargo, babu wanda ya ambaci saƙon asiri. William Still, baƙar fata a Philadelphia wanda ya karɓi ɗaruruwan masu gudu ya rubuta labarinsu ya buga a 1872, bai ambata ba. Harriet Tubman, wadda ta koma kudu kamar sau 13 ta fito da mutum kusan 70, ba ta ambata ba. Masu nazarin tarihin barguna, irin su Barbara Brackman, suka nuna cewa wasu daga cikin tsarukan da sunayensu ba su bayyana ba sai lokacin yaƙin basasa ko bayansa, wato bayan guje-gujen sun ƙare. A 2007 birnin Niyok na shirin rubuta labarin a jikin dandalin tunawa da Frederick Douglass, wanda shi ma daga bauta ya gudu, masana suka yi ca, aka janye rubutun. Shi kuwa Douglass, a tarihin rayuwarsa na 1845, ya faɗi cewa yana yaro a bauta ba shi da gado, in sanyi ya tsananta buhun masara yake sata ya cusa kansa ciki, ƙafafunsa a waje har sanyi ya tsattsage su. Mutanen da ke cikin irin wannan hali, ina za su samu yadi da lokacin ɗinka barguna goma na shanyawa a shinge?

Ban ce dattijuwar ta yi ƙarya ba. Mutum na iya gadon labari a gida ya riƙe shi da zuciya ɗaya. Kuma ba na raina tarihin baka, da shi muka san rabin abin da muka sani game da kakanninmu. Amma malamanmu na zaure sun koya mana tambayar isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, wa ya mara masa baya? Zubowar taurarin Harriet Powers ma daga baka ta zo, aka bincika aka samu shaidu rututu. Wannan an bincika ba a samu ko ɗaya ba. Abin da ya fi damuna shi ne labarin yana rage wa masu gudun daraja, yana mai da tafiyarsu kamar an kafa musu alamu a hanya. Yawancinsu samari ne da suka fita su kaɗai, cikin dare, daga jihohin da ke kan iyaka, ba mai taimakonsu sai sun tsallaka. Kuma dabarunsu na gaskiya suna nan a rubuce. Douglass ya shiga jirgin ƙasa a 1838 cikin kayan matuƙin jirgin ruwa da takardun aro. Ellen Craft, mai hasken fata, ta yi shigar Bature namiji a 1848, ta rataye hannunta kamar ya karye don kada a ce ta sa hannu a takarda, mijinta William na biye a matsayin bawanta. Henry Brown ya sa aka rufe shi a akwati aka aika shi daga Richmond zuwa Philadelphia a 1849, ya yi sa'a 27 a ciki. In ma alaƙar bargo da yaƙi da bauta ake nema, akwai ta gaskiya: matan Boston sun riƙa ɗinka barguna suna sayarwa a baje-kolinsu don tara kuɗin wannan gwagwarmaya, kuma wani ɗan ƙarami na gadon jariri da aka sayar a 1836 yana nan a adane.

Ina kira ga 'yan'uwana malamai, musamman na firamare. Kullum kukanmu rashin kayan koyarwa, alhali kowace unguwa akwai telan da ke share guntayen atamfa da shadda ya zubar kowace yamma. A roƙe shi ya tara mana. In allura ta yi wa ƙananan aji haɗari, takarda da gam sun isa. A sa maza da mata duka, kada a maimaita abin da aka yi a 1862. Inda akwai mai ɗinkin lifidi a gari, a gayyato shi aji ya nuna yadda yake shimfiɗa auduga da yadda yake auna tazarar ɗinki. In kuma kun sa yaro ya kawo ƙyalle daga gida da labarinsa, ku sa ya rubuta a bayan fallen wanda ya ba shi labarin da wurin wanda shi ma ya ji.